Ranar da na hana a saka wa jarumar wuta

Shekarata tara ina aikin jinya a sashen masu ciwon zuciya lokacin da wani marubucin wasan kwaikwayon talabijin ya turo mini rubutunsa in duba. Labarin wata budurwa ne mai larurar Long QT, wadda lantarkin zuciya ke jinkirin komawa daidai bayan kowane bugu.

Farkon ya burge ni. Agogo ya kaɗa da asuba, yarinya ta zabura ta yanke jiki ta faɗi, kowa ya ce farfaɗiya ce. Haka kuwa Long QT take yi a zahiri. Akwai nau'in da ƙarar ba-zata ke tayarwa, akwai wanda iyo ke tayarwa, kuma an sha ɗora masu ita kan maganin farfaɗiya kafin wani ya kalli takardar ECG, wato awon lantarkin zuciya, da idon basira.

Da aka kai ta asibiti ne na ɗauko jan biro. Layin na'urar awon zuciya ya miƙe ɗoɗar, alamar zuciya ta tsaya cik, likita ya goga ƙarafa biyu ya danna mata wutar lantarki a ƙirji, ta yi sama, ta buɗe ido. Miƙaƙƙen layi ba a saka masa wuta. Danna ƙirji ake yi, sau 100 zuwa 120 a minti, ana allurar adrenalin duk minti 3 zuwa 5. Zuciyar da ke karkarwa barkatai ba ta tura jini ita ake saka wa wuta.

Na rubuta masa "kuskure" har sau bakwai. Ya bugo waya ransa a ɓace: "Sista, kin rusa mini gini ba ki ba ni tubali ba." Gaskiyarsa. Sai na zana masa abin da Long QT ke haifarwa: layi yana murɗewa kamar igiya, ya kumbura ya tsuke. Wannan ana saka masa wuta, a bi da magniziyam ta jijiya. Nan take ya ce ai wannan ya fi nasa ban tsoro.

Farkawar nan take kam ya ƙi taɓawa. Na kawo masa binciken mujallar New England Journal of Medicine na 1996, da ya gano kashi 75 cikin 100 na waɗanda aka yi wa ceton zuciya a wasannin Amurka sun farfaɗo, alhali a zahiri akasari ba sa tashi. Ya ce mai kallo ba zai jira sati a ɗakin kulawa ta musamman ba.

Na ƙyale shi, amma ban so ba. Ni ce ke tsayawa a bakin ƙofa idan ɗan mamaci ya tambaya, "Me ya sa ba ku saka masa wutar ba?"