Fatar Wuyan Zakara a Roscoe

Da sassafe ranar wata Asabar ta ƙarshen Afrilu muka tashi daga Bronx, ni da Alhaji, maƙwabcina ɗan zangon Kumasi, wanda ya daɗe yana tuƙin tasi a birnin New York. Tun daren Juma'a yake tambayata abin da zai sa mai hankali ya yi tafiyar awa biyu da wani abu don sayen gashin zakara. Na yi bayani har na gaji. A ƙarshe ya ce, "To, Malam, ni zan kai ka. Gani ya kori ji."

Asalin maganar, a hunturun da ya wuce wani abokin aikina ya koya mini ɗaure ƙwaron fatsa. Masu kamun kifin tirawut a ƙasar nan da yawansu ba sa sa tana ko wani koto a ƙugiya. Zare da gashin tsuntsu suke naɗa mata har ta yi kama da ƙwarin da ke ƙyanƙyashewa a kogi, su jefa ta ta sauka a kan ruwa a hankali, kifi ya taso ya cafke. Abin da ke riƙe ta a sama shi ne gashin wuyan zakara da aka naɗa a bayan idon ƙugiyar, silinsa ya mimmiƙe kamar ƙafafu. Ni kuwa na sayi wata fata mai araha ta intanet, na ɗaure ƙwari kusan talatin, na gwada su a roba cike da ruwa, duk suka nutse ɗaya bayan ɗaya. Abokin nawa ya duba, ya ce laifin ba na hannuna kaɗai ba ne, in je garin Roscoe, a yankin tsaunukan Catskill, in ga yadda gashin kirki yake.

Muka haye gadar George Washington, muka miƙa har muka hau hanya mai lamba 17. Tun daga nan gari ya fara sauyawa: tsaunuka, itatuwan da ba su gama fitar da ganye ba, sanyi mai ratsa riga. Roscoe ɗan ƙaramin gari ne, amma yana kiran kansa garin tirawut na Amurka, kuma ba a banza ba. A gefensa rafin Willowemoc yake zuba cikin Beaverkill, a wani gurbi da ake kira Junction Pool. Muna isowa muka hango mutane tsaye cikin ruwa har ƙugu, sanye da dogon wandon roba, suna kaɗa igiya a iska kamar masu kora da bulala. Alhaji ya rage gudu yana kallo. "Ba taru, ba gora, ba jirgi. Wannan su ne ko wasa?"

Kantin da muka shiga, bango guda cike yake da fatun zakaru a cikin leda, an rataye su jeri-jeri: ja, fari, baƙi, toka-toka, da wake-wake. Kowace da tambarinta. Na kamfanin Whiting an raba su daraja-daraja, daga Pro, sai tagulla, azurfa, zinariya, har falatinam. Na Metz kuwa lamba ce, 1 da 2 da 3. Ni da na taho da fushin ƙwarina da suka nutse, kai tsaye na miƙa hannu kan mai tambarin zinariya. Alhaji ya leƙa farashin, ya ga ya haura dala ɗari, ya yi salati da ƙarfi har mai kanti ya ɗago.

"Malam, fata ce fa kawai. Ina naman?"

Mai kantin dattijo ne mai furfura, gilashinsa rataye a wuya. Bai yi dariya ba. Ya tambaye ni ƙugiya mai lamba nawa nake ɗaurewa. Na ce 12 da 14, wani lokaci 16. Ya ce, to mayar da wannan tukuna. Ya ciro wata mai tambarin tagulla, ya zare su duka biyu daga leda, ya shimfiɗa a kan tebur ƙarƙashin fitila.

A nan na fara ganin abin da ban taɓa lura da shi ba. Fatar wuya siririya ce ta wajen kai, tana faɗaɗa zuwa kafaɗa. Gashin da ke can sama ƙanana ne, na ƙasa manya, saboda haka fata guda tana ba ka na ƙugiya iri-iri. Lambar ƙugiya kuwa a juye take: gwargwadon girman lamba, gwargwadon ƙanƙantar ƙugiya. Mai lamba 22 ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba. Dattijon ya tanƙwara fatar a tafin hannunsa, gashin ya tashi tsaye kamar na bushiya, ya ce in duba yawansa. A ta zinariyar gashin ya cushe, ga tsawo, kuma ƙananan nan na wajen kai sun yi yawa sosai. A ta tagullar akwai su, sai dai ba su kai ba.

Sai ya ware gashi ɗaya daga tsakiyar kowace, bai tsige ba, ya lanƙwasa shi a jikin wani ɗan ma'auni mai tsinke a tsakiya da zane-zane kewaye da shi. Silin ya buɗe, tsininsa ya tsaya daidai kan zanen 14. Ƙa'idar ita ce tsawon sili ya kai kamar ɗaya da rabi na faɗin bakin ƙugiya. Ya ce in shafa da leɓena. Na ji kunya, amma na shafa. Duka biyun suna da tsini, suna sukar leɓe kaɗan-kaɗan, ba lanƙwasa. Ya ɗaga su a haske: silin yana sheƙi, a jere ba giɓi, sai can gindi ne ake ganin ɗan lallausan nan mai duhu da ke shan ruwa. Ya naɗa ƙashin gashin a tsinke, ya bi lafiya, bai murɗe ba, bai tsage ba. Na rufe ido ya musanya su, na kasa faɗin wanne ne wanne.

Abin da tambarin yake faɗa ke nan, in ji shi. Zakarun jini ɗaya ne. Mai tantancewa yana duba yawan gashin da za a iya amfani da shi, da tsawonsa, da yadda ya sauka zuwa ƙananan lambobi, da ko akwai karyayye ko wanda bai gama fitowa ba. Wanda sana'arsa ɗaure ƙwari, yana fitar da dozin-dozin kullum, ko mai bin ƙananan ƙwarin nan na rani, shi ne zinariya za ta biya shi. Mai ɗaure 12 zuwa 16 a ƙarshen mako, ta tagulla ma za ta shekara da shekaru bai ga bayanta ba. Ya kuma ja kunnena kada in gwada lamba 1 ta wani kamfani da zinariyar wani, don kowane da ma'auninsa.

Na ciro tawa mai arahar daga jaka, don na taho da ita. Ya juya ta sau biyu. Irin waɗanda ake kawowa daga Indiya ce, na zakarun gida da aka yanka don nama. Gashin gajere, rabinsa lallausa, ƙashin kauri. Ya ce kar in yar, tana da kyau wajen ƙwarin da ake so su nutse. Wato ban sayi banza ba, na dai sa jaki aikin doki.

Alhaji, da ya yi shiru yana saurare, sai ya tambaya wane irin zakara ne wannan. Amsar ce ta fi burge shi. Kaji ne da aka shekara da yawa ana zaɓen irinsu saboda gashi kaɗai, ana ware kowane zakara a kejinsa don kada faɗa ya lalata masa wuya, sai ya kusa shekara a cire fatar. Harry Darbee da matarsa Elsie, mutanen wannan yanki, su suka yi suna da kiwon masu launin toka. Ƙwan kajinsu ya isa hannun Andy Miner a Minnesota, daga can jinin ya bazu zuwa gonar Metz a Pennsylvania da ta Ted Hebert a Michigan. Can a Oregon kuma Henry Hoffman ya gyara wake-wake. A 1989 Tom Whiting, wanda ya yi digirin digirgir a ilmin kaji, ya sayi irin Hoffman ya kafa gonarsa a Delta ta jihar Colorado, a 1997 ya haɗa da na Hebert. Dattijon ya nuna mana fatar gadon baya ma, mai gashi siriri dogo, wanda guda ɗaya kan ɗaure ƙwari da dama, sai dai lamba biyu ko uku kawai take bayarwa. Ita ce a 2011 'yan mata suka yi yayin saƙawa a gashin kai, masu gyaran gashi suka wawashe kantuna, masunta suka rasa na saye. Ya faɗi wannan da fuskar wanda har yau bai huce ba.

Na fita da rabin fata biyu masu tambarin tagulla, wake-wake da ja, don da su ake ɗaure ƙwaron da ake kira Adams, wanda Leonard Halladay ya fara a Michigan a 1922. Kuɗin bai kai na zinariyar guda ba.

Muka biya gidan tarihin fatsa na Catskill a Livingston Manor, a bakin Willowemoc, inda ake girmama Theodore Gordon, wanda ya rasu a 1915 kuma ake ɗauka uban wannan salo na fatsa da ƙwaron da ke tsayawa a kan ruwa a Amurka. Ba mu jima ba. Muka yi azahar a kan ciyawa, muka ci dafa-dukar da matar Alhaji ta zubo mana a kula. Sannan na kafa 'yar matsata mai riƙe ƙugiya a kan teburin katako, na ɗaure Adams ɗaya mai lamba 14, hannuna na rawar sanyi. Fukafukinsa ya ɗan karkace. Na cire ƙugiyar daga matsa na ajiye shi a kan ruwan gefe, inda ba gudu. Ya tsaya a kan tsinin silinsa, iska ta juya shi, ya tafi yana lilo har na tare shi da hula.

Can ƙasa da mu wani mutum ya kamo tirawut mai tsawon hannu, ya cire masa ƙugiya, ya riƙe shi cikin ruwa ɗan lokaci, ya sake shi. A wannan sashe na rafin doka ce, ba a tafiya da kifi. Alhaji ya riƙe haɓa, bai ce komai ba har muka shiga mota.

Sai da muka wuce Monticello ya ciro waya ya sa a lasifika, ya kira ƙanensa a Kumasi. Ko gaisuwar kirki ba su gama ba ya ce, "Kai, zakarun nan da kuke yankawa da Sallah, gashin wuyan ina kuke zubar da shi?"