Mako na bakwai da injin niƙan Kawu: hayaƙi ya fara sauƙi

'Yan'uwana masu koyo, ga inda aka kwana da tsohon injin nan na Kawu, mai silinda ɗaya ɗan Chaina, wanda ke turnuƙe rumfa har yara masu kawo niƙa suka koma tsayawa daga waje. Tun bayan kaka nake fama da shi a ƙauyenmu da ke gefen Ringim.

Ma'aunina na talaka ne. Farin ƙyalle nake karawa a bakin salansa lokacin da injin ke cin masara, in ƙirga goma, in rubuta kwanan wata in rataye. Yanzu biyar ne a jikin ƙusa. Na farkon, sai ka rantse gindin tukunya aka goge da shi.

Filtar iska na fara dubawa. Dusa da ƙurar hunturu sun toshe ta, na wanke, ƙyalle na biyu ya ɗan yi haske. Ɗan kaɗan dai.

Nozul, wato abin da ke fesa mai cikin silinda, shi ne ya koya mini karatu. Na kwance shi, na ɗaura a bututunsa ta waje, na murza handil, sai ga mai yana tsartuwa kamar fitsarin jariri, yana ɗiga, maimakon ya fito kamar hazo. Don Allah kada wanda ya sa hannu gaban feshin nan, yana huda fata. Injin gas, wato dizal irin wannan namu, ba shi da fulogi. Fistan ne ke matse iska har ta yi zafin da mai zai kama da kansa. In ɗigon mai ya yi girma, wajensa ya ci wuta, cikinsa ya rasa iska, sai ya dahu ya zama gawayi. Kunkunniyar da muke shaƙa ke nan. Ashe ba yawan man kaɗai ba ne, har da yadda ya shiga. Na sayo sabon bakin nozul a Ƙofar Ruwa, aka saita mini ƙarfinsa a kan na'urar gwaji. Ƙyalle na uku ya dawo ruwan toka.

A taimin kuwa, wato saita lokacin da mai ke shiga silinda, na sha kunya. Ƙarƙashin famfon mai akwai siraran washa: ka rage, mai ya shiga da wuri, ka ƙara, ya makara. Man da ya makara yana ci ne fistan ya riga ya juya ƙasa, zafi na raguwa, gawayin bai samu ya ƙone ba. To ni da zumuɗi sai na zare biyu lokaci guda. Hayaƙi ya ragu, amma injin ya dinga buga ƙwam-ƙwam kamar maƙera, handil ma ya kusa karya mini wuyan hannu. Kawu ya leƙo ya ce, "Kai yaro, gyara na ba ka ko rushe?" Na ce, "A yi haƙuri, Kawu," na mayar da guda. Kuma feshin wuri yana da nasa haraji: wuta na ƙara zafi, iskar nan mai guba da ake kira NOx ta ƙaru, ita kuma ƙyalle ba ya nuna ta.

Shi ya sa motocin zamani suka bar feshi ɗaya. Tun 1997 da tsarin bututun mai na bai ɗaya ya shiga ƙananan motoci a Turai, kwamfuta ce ke raba feshin: ɗan kaɗan a gaba don rage bugu, sannan babban, sannan ɗan ƙari a baya wanda ke taimakawa gawayin da ya saura ya ƙone. Ƙarfin feshinsu yakan kai 2,000 a ma'aunin matsi da ake kira bar, namu ɗari da wani abu ne. Namu tofi ɗaya yake yi, shi ke nan.

Abin da ya rage ba a cikin injin yake ba. Ranar kasuwa Kawu kan buɗe wa dutsen niƙa hatsi har injin ya yi nishi, gwamna, wato na'urar da ke daidaita gudun injin, ta ƙara mai alhali iskar ba ta ƙaru ba, baƙin ya dawo. Ƙyalle na biyar ranar na ɗauka, kuma ban samu bakin nuna masa ba tukuna. Mako mai zuwa zan duba tazarar bawul.