Yadda na daina auna hawan jini da ciwon kai

Na shafe kusan shekara biyu ba na shan maganin hawan jini sai ranar da kaina ya yi ciwo, domin na ɗauka ciwon kai ne ke sanar da mutum cewa jininsa ya hau. Haka na taso na ga mahaifiyata tana yi, Allah Ya jiƙanta: da zarar ƙeya ta sara mata sai ta nemi ƙwaya.

Wata rana na je asibiti, kaina garau, ma'aikaciyar jinya ta ɗaura mini na'urar awo a dantse, ta duba, ta sake aunawa, sannan ta ce, "Malam, 168 bisa 102 ne. Yaushe rabonka da magani?" Na ce mata kwana tara, ai kan bai dame ni ba. Likita ya bayyana mini cewa daga 140 bisa 90 ake kiransa hawan jini, kuma yawancin masu shi ba sa jin komai, alhali yana cin zuciya da ƙoda a ɓoye.

Ya umarce ni da in sayi na'ura in riƙa awo safe da yamma har wata guda. Nakan zauna shiru na minti 5, bayana a jingine, hannuna bisa tebur daidai da ƙirji, sannan in rubuta sakamakon a ɗan littafi tare da yadda kaina yake. Abin da littafin ya nuna ya girgiza ni: awo mafi muni ya faɗo ne a ranakun da nake jin kaina lafiya lau, ciwon kan kuwa ya fi zuwa bayan na sha rana ko na kwana ban yi barci ba. Na kuma gane cewa diclofenac da nake saya a kemis saboda ciwon kan yana iya ƙara hawan jinin, sai na bar shi.

Sai dai likitan ya ja kunnena cewa idan awo ya kai 180 bisa 120, ga matsanancin ciwon kai, ko gani dishi-dishi, ko nauyin harshe, ko mutuwar ɓarin jiki, to asibiti zan nufa nan take.

Yanzu kullum bayan sallar asuba nake shan maganina, ko kan ya yi ciwo ko bai yi ba, kuma uwargida ta rage gishiri da dunƙulen miya a tukunya.