Kura, garin da rawaninsa ya kai Agadas

Kakana ɗan Kasuwar Kurmi ne, rawani yake sayarwa. Tun ina yaro nake jin Buzaye suna tsayawa bakin rumfarsa suna tambaya, "Alhaji, akwai ɗan Kura?" Sai da na girma na gane ashe sunan gari ne ya bi kyallen. Ranar wata Asabar na hau mota a Unguwa Uku, muka miƙa titin Zariya, ban kai awa guda ba na sauka a Kura.

Abin da ya fara tarbata shinkafa ce. An shanya ta a kan tamfol har bakin kwalta, injinan casa suna ta ruri. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Bako aka kammala a 1974, shi ke biyo magudanan Kadawa ya shayar da gonakin nan rani da damina.

Ni kuwa marina na zo nema. Wani yaro ya ja ni cikin lungu, tun daga nesa na fara jin ƙarar bugu, tim, tim, kamar ana daka. Dattawa biyu ne zaune suna fuskantar juna, gungumen itace a tsakaninsu, kyalle a kai. Su barbaɗa shuni, su buga, su ninke, su sake bugawa, har baƙin ya ɗauki sheƙi yana walƙiya. Kyallen kansa siraran ƙwarya ne na saƙa aka ɗinke su gefe da gefe.

Na durƙusa na gaishe su. "Baba, ina karofin yake?"

Ɗayan ya nuna min da haɓa. Ramukan suna nan a jere, amma galibinsu ƙasa da leda sun cike su. Kaɗan ne ke da ruwan baba da toka.

"Ɗana, yaran yanzu gona suke so. Shinkafa kuɗinta a hannu yake."

Ban ga laifinsu ba, amma raina ya sosu. A birni muna kai baƙi marinar Ƙofar Mata su ɗauki hoto, ba mai cewa a zo nan, alhali rawanin da ake naɗawa a Agadas daga irin wannan lungun yake fita.

Na sayi guda ɗaya, aka naɗe min shi a takarda. Ko da na iso Na'ibawa da magariba, yatsuna duk sun yi shuɗi.