Godiya bayan jinyar autata

Alhamdulillahi. Jiya aka sallame mu daga asibiti bayan kwana 9, yarinya ta dawo da dariyarta.

Abin ya faro ne da ta cika wata 5, na koma aiki, muka fara haɗa mata da madarar gwangwani. Kamar awa 2 bayan ta sha sai amai ya ɓalle, ta yi laushi kamar tsumma, fuska ta yi fari fat. Daga baya zawo mai majina, wani lokaci da ɗigon jini. Kowa cewa yake haƙori ne. Ni ma na yarda, Allah Ya yafe mini.

Godiyata ta farko ga likitar yara da ta ja kujera ta zauna, ta ce, "Maman yarinya, me ya canza a cimarta?" Babu wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar. Ita ta gano cewa jikin yarinyar ne bai jitu da furotin ɗin madarar shanu ba. Ta ce garkuwar jiki ce ke ɗaukarsa abokin gaba, sai ta kai masa hari a cikin hanji. Bangon hanjin ya kumbura, ya kasa tsotse abinci da ruwa yadda ya kamata, shi ya sa take ta ramewa alhali tana sha. Da na ce ai mun gwada madara marar laktos, sai ta girgiza kai. Ta ce waccan madarar ta masu matsalar narkar da laktos ce, wato sukarin madara, babu ruwan garkuwar jiki. Madarar akuya ma ba mafita ba ce, furotin ɗinsu kusan ɗaya ne. Yanzu tana kan madara ta musamman wadda aka farfasa furotin ɗinta, kuma an ce yawancin yara suna rabuwa da abin in sun ɗan tasa.

Sai ma'aikaciyar jinyar dare, wadda ta yi ta neman jijiya a wannan ɗan siririn hannu har ta samu aka sa ƙarin ruwa, tana rarrashinta tana rarrashina. Allah Ya biya ki.

Baban yara, sannu da kwanan benci. Surukata, Mama, da kika riƙe mini sauran yaran, har kika koyi duba bayan kowane gwangwani da tabarau a hanci, na gode ƙwarai. Masu kira da masu addu'a, in ban ɗaga wayarku ba ku yi haƙuri, hannuna ɗaya na riƙe da nata.

Ranar Litinin za mu koma awon nauyi. A ci gaba da sa mu a addu'a.