Cooksonia ta tsaya a karo na biyar

Ƴan uwa, yau dai siffar Cooksonia da nake ƙerawa da hannu, wata tsiro ta zamanin da can da ta ɓace, ta tsaya da kanta! Huɗun farko duk bola suka tafi.

Na ninka girmanta sau goma, tun da ta asali ba ta wuce ƴan santimita ba. Wahalar duk a gwafa take. Hannuna ya saba da gawo da bedi: gindi mai kauri, reshe ya ɓullo ta gefe. Ita kuwa wannan tsiro ta wajen shekara miliyan 430 ba haka take ba. Kan karan ne yake rabewa biyu daidai wa daida, babu uwa babu ɗiya, kowane ya sake rabewa, jakar ƙwayoyin haihuwa ta zauna a ƙarshe kamar bakin kakaki. Ba ganye, ba fure, don haka babu inda za ka ɓoye kuskure. In na liƙa reshe da yumɓu, ɗaya ya fi ɗaya kauri, abu ya koma itace. In na dace suka daidaita, iskar hunturun Tahoua ta busar da shi cikin dare, da safe in tarar da tsaga a tsakiyar gwafar. Ranar da ta uku ta tsage ko karin kumallo ban iya yi ba.

Na sa waya a ciki, abin ya ƙara lalacewa, don yumɓu yana tsukewa in ya bushe, waya ba ta tsukewa. Na sayi gam mai haɗi biyu na jika uku, ya daskare kafin in gama gwafa ɗaya. Kuɗin nan har yanzu suna min ciwo.

Wayar jan ƙarfe ta tsohuwar fanka ce ta fisshe ni. Na murɗe guda huɗu wuri ɗaya, a gwafar farko na raba su biyu-biyu, a ta biyu ɗai-ɗai. Kaurin ya ragu da kansa, rassan suka zo daidai ban auna ba. Yumɓu kuma na bar shi: takarda na jiƙa, na daka a turmi, na kwaɓa da ƙaro, na lulluɓe da ɗanyen tsumma kwana uku a ƙarƙashin gado. Ko tsaga ɗaya babu, wallahi har maƙwabci na kira ya gani.

Da Rhynia zan bi, ita ma tsiro ce ta zamanin da, amma wata tsiron, Asteroxylon ta duwatsun Rhynie a Sikotilan ta shiga raina, mai ƙananan ɓawo kamar ganye a jikin kara. Wanda ya taɓa yin su, da me ya liƙa ba su zube ba?