Tarihin Rayuwata, Kashi Na 9: Ranar Da Mai Jitar Agadas Ya Taɓa Amfilifayar Kawu

To jama'a, satin da ya wuce mun tsaya a inda Kawu ya yarda in dinga binshi wajen biki maimakon zaman gadin shago ina naɗe waya. Aikina dai bai wuce ɗauko wannan, riƙe wancan ba, amma ni a lokacin ji nake na zama injiniya.

Cikin kayan hayarmu akwai wata amfilifayar jita, wato akwatin da ke ƙara wa jita sauti, Peavey Bandit 112, wat 80, sifika ɗaya mai inci 12 a cikinta. Kusan kullum tana lungu ƙura na hawanta, saboda mawaƙan Kano fiyano suke so, a jona a mikisa, na'urar da ke haɗa duk sautukan waje ɗaya, shikenan. Sai ga wasu Abzinawa sun zo neman kayan sauti, za su aurar da ƴarsu, kuma sun ɗauko mai jita tun daga Agadas. Ku sani can jita ita ce bikin, garin da ya fitar da irin su Bombino ai ba wasa ba.

Dokar Kawu ta farko wadda har yau nake binta: kafin ka kunna komai ka mayar da boliyum sifiri, janareta ya zauna tukun, sannan mikisa, amfilifaya ce ƙarshe. In za a kashe kuma ita ce farko. Wannan "ɗum" ɗin da sifika ke yi in an saɓa, Kawu cewa yake kuɗinshi ne ke fita.

Muna cikin haɗa kaya sai yaron DJ ɗin da masu biki suka kawo ya zagaya bayan amfilifayar da waya a hannu, wai zai ɗauki sautin jita ya kai mikisa, ya nufi ramin ƙarin sifika kai tsaye. Wallahi ban taɓa ganin Kawu ya yi tsalle irin na ranar ba, da babbar riga da komai. "Kai ɗan nan, tsaya! Waye ya aike ka?" Yaron yace ai jak ɗin ya shiga daidai. Kawu yace shiga ba ita ce magana ba. Ramukan duk girmansu ɗaya amma abinda ke fitowa daban ne, na sifika in an buɗe wuta yana iya kai bolt 25, ita kuwa mikisa abinda take jira bai fi bolt 1 da ɗan wani abu ba, to ka ɗura mata wancan sai dai a kai ta wajen mai gyara. Ya nuna mishi ramin da aka rubuta Send, yace in dole sai ka ɗauka ta waya to nan ne.

Ni ya juyo ya ƙarasa wa karatun, da yake yaron ya tafi yana ƙunƙuni. Om shi ne ma'aunin yadda sifika ke tare wuta, sifika mai om 8 guda biyu in ka jona kowacce kai tsaye a amfilifaya ɗaya sun koma om 4, amfilifayar za ta ɗauka. Ka ƙara ta uku sun sauka ƙasa da 3, nan za ta fara zafi kamar dutsen guga. Kuma wayar jita daban ta sifika daban duk da kansu iri ɗaya ne, ta jita siririya ce a ciki da raga a naɗe dan kar ta kwaso ƙugi, ta sifika kuwa kauri ake nema. Su tsofaffin amfilifaya masu kwalba ma, yace, ba a kunna su babu sifika a jone, taransifomar ciki ce ke tafiya.

Can sai ga mai jitar da rawaninshi, ya gaida Kawu da Hausarshi ta Agadas, ya duƙa gaban amfilifayar. Kawu ya riga ya saita ta yadda ya saba, bes, wato sauti mai kauri, a sama sosai, midil, wato na tsakiya, a ƙasa, dan mu a Kano in ƙirji bai girgiza ba cewa ake kayan ba kyau. Mutumin ya kaɗa sau ɗaya ya girgiza kai, ya sauke bes zuwa wajen 3, ya ɗaga midil da tirebul, wato siririn sauti, ya sa eko kaɗan. Kawu yace, "Malam, ai ka kashe mata nauyi." Yace, "Maigida, nauyi na mai ganga ne, ni kuka nake so ta yi."

Abinda ya ɗaure min kai shine maɓallan ƙara guda biyu. Ni da na ɗauka duk boliyum ne. Na farkon, gen, shi ke cewa nawa sautin jita zai daki ƙofar shiga, in ka matsa shi sautin ya fara karcewa yana jan tsawo. Na biyun shi ne ƙarar da jama'a za su ji. Shi mutumin gen ɗin rabi ya bari, sai ya dinga wasa da boliyum ɗin jikin jitarshi da ɗan ƙaramin yatsa, in mata suna waƙa ya rage ta fito tas, in an shiga rawa ya buɗe ta ɗau ƙara. Bai sake komawa wajen amfilifayar ba har aka tashi. Ni dai a raina nasan shi ke da gaskiya, jitar na ratsa ganga da tafi da guɗa ana jin kowace tsirkiya, amma wa ya isa ya faɗa wa Kawu.

Wayar Send ɗin ma mai jitar ƙin ta ya yi, yace sautin na fita da kaifi yana soke kunne, ita sifikar ce ke tausasa shi. Makirfo aka kafa gaban sifikar, ɗan gefe da tsakiya. Da ta fara kuwwa Kawu ya sa ni na juya manyan lasifikan suka bar fuskantar ta, ta yi shiru.

Sai wajen ƙarfe ɗayan dare muka loda kaya a a-kori-kura. Muna hanya Kawu yace gobe in goge amfilifayar amma kar in kuskura in taɓa maɓalli ko ɗaya, a barsu yadda Ba'abzinen ya saita. Sati mai zuwa insha Allah zan baku labarin yadda mutumin ya dawo shago yana tambayar Kawu ko zai bashi aron yaro zuwa Agadas, da abinda Inna tace da ta ji.